Matar Shahidi a Ƙofar Kafinta

Ranar Waliyyi Lauransi

Yayata Sista,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da sauran sistoci da majinyatan da kuke kula da su. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Mu dai muna nan da rai, ba zan yi miki ƙarya in ce lafiya ba.

Na san na yi laifi. Wasiƙunki uku suna cikin aljihun keken ɗinkina, ban amsa ko ɗaya ba. Tun da kika koma bayan jana'izar mijina Katikis, wata bakwai ke nan, da na ɗauki biro sai hannuna ya mutu. Yau dole ce ta sa, domin maganar ba ta waya ba ce. Wayar gidanku a falo take, kowa na ji.

Yaya, an sako Kafinta. Wai beli aka ba shi, saboda tarin da ya kama shi a gidan yari ya ci ƙarfinsa, suna tsoron kada ya shafa wa sauran. Mutumin da ya kashe mini miji yana kwance yanzu a wani ɗaki bayan injin yankan katako, tafiyar minti goma daga shagona.

A bakin mutane kika ji yadda abin ya faru, ni ban taɓa faɗa miki ba. Ranar Asabar ce da hantsi. Katikis yana cikin coci yana duba karatun Lahadi, sai ga matar Kafinta ta faɗo a guje, ba takalmi, jini a fuska. Mijin na biye da ita da ƙarfen sassaƙa a hannu. Katikis ya tura ta bayan bagade, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ke nan. Ko da aka zo aka kira ni, da allura a bakina ina gyara wuyan rigar wata, ya riga ya cika.

Yanzu kowa shahidi yake ce masa. An rataye hotonsa kusa da inda ake kunna kyandir. Mata suna taɓa gefen zanena bayan addu'ar Mas, wai in sa musu albarka. Wata har ta roƙe ni ƙyallen rigarsa za ta sa a ƙarƙashin matashin ɗanta mai ciwo. Nakan yi murmushi in ce amin. Amma a cikina, Allah ya gafarta mini, haushinsa nake ji. Shekara ashirin da shida muna tare. Da ya tsaya a ƙofar nan, bai tuna yana da mata ba?

Kuma kin san wa ke jinyar Kafinta? Matarsa. Ita dai wadda aka mutu dominta, ita ke dafa masa ruwan zafi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Ɗana Dogo, ɗanki, shi ne ya hana ni sakat. Da can faɗa yake yi, ya daki bango, ya zagi alƙali da 'yan sanda, ni kuwa ina jin daɗi don na san abin yana fita. Tun ranar da labarin belin ya zo ya yi tsit. Yana gaishe ni da ladabi, ya juya cokali a kwano, ya tafi wajen walda. Ya daina zuwa Mas. Jiya maigidansa ya zo shago, ya daɗe yana kame-kame, kafin ya ce mini duk lokacin cin abinci Dogo yakan tsaya a gaban injin wasa ƙarfe da wani guntun ƙarfen mota, kuma abin ya fara kama da wuƙa.

Ban daina karatun safe ba. Kin tuna yadda Katikis yake, ba mai shan shayi a gidan nan sai an karanta karatun ranar da labarin waliyyin ranar. Littafinsa yana hannuna, duk gefensa rubutun fensir. Yau Lauransi ne, wanda aka gasa a kan ƙarfe yana yi wa masu gasa shi ba'a. Bisharar kuma a kan ƙwayar alkama ce, wadda sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta yi 'ya'ya. Na rufe littafin. Tawa ƙwayar an riga an binne ta, Yaya. Guda ɗaya ta rage mini, kuma ba zan bayar ba.

Ki sa sistoci su yi mana addu'a. Ki faɗa musu sunansa kawai, kada ki faɗi dalili.

Ƙanwarki,
Auta

*

Kwana tara kafin ranar Waliyyiya Monika

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta iso ta hannun direba, da carbin rosarin da kika sa a ciki. Na gode, Allah ya saka. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi yadda kika ce, na je wajen Fada. Ya aika aka kira Dogo, suka zauna fiye da awa ɗaya. Fada ya fito yana murna, ya ce yaron ya saurara, duk abin da aka faɗa masa sai ya ce, "To, Fada." Ban so in kashe masa gwiwa ba, amma ni na haifi Dogo. Wannan "to" ɗin na san ta tun yana ɗan shekara biyar.

Na yi tunanin 'yan sanda. Har na ɗaura ɗankwali na kai bakin titi, sai na tsaya. In ce musu me? Ku zo ku kama ɗana? Su kai shi ɗakin da aka fito da Kafinta? Na juyo gida.

Ranar Alhamis da ya fita na shiga ɗakinsa na birkice komai. A cikin takalmin ruwan sama na babansa na sami wuƙar, naɗe da tsumma. Tsawon hannuna, Yaya, har ƙota ya yi mata. Na jefa ta a masai. Da ya dawo ya shiga ɗaki ya tarar ba ta nan, sannan ya fito ya zauna kusa da ni a kan benci. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, a hankali, "Mama, ƙarfe bai ƙare a duniya ba."

Na kama hannunsa na yi ta magana. Na tuna masa Istifanus, wanda ake jifa da duwatsu yana roƙa wa masu jifansa gafara. Na tuna masa Fadan nan da muka karanta labarinsa makon jiya, wanda ya ce a kashe shi a madadin wani fursuna mai iyali. Ashe na manta wa nake yi wa wa'azi. Da waɗannan labarai babansa ya yaye shi, ya fi ni saninsu. Ya bar ni na gama, ya ce duk ya sani, amma a littafin ba a taɓa rubuta abin da 'ya'yan shahidan suka yi washegari ba. Ya ce mutane suna kunna wa babansa kyandir su koma gida su ci abinci, wanda ya kashe shi kuma ana dafa masa ruwan zafi.

Karatun ranar kuwa, kamar da gayya, shi ne inda aka ce a yafe har sau saba'in sau bakwai. Katikis ya ja layi a ƙarƙashinsa sau biyu.

Ga abin da ya fi damuna, kuma ban faɗa wa kowa ba sai Fada a wajen furta zunubi. Da na riƙe wuƙar nan a hannuna, kafin in jefa ta, na daɗe ina kallonta. Wani abu a cikina ya ce in mayar da ita inda na same ta. Ina so a kashe mutumin nan, Yaya. Ba na dai so a ce ɗana ne zai kashe shi. Iyakar addinina ke nan a yanzu, kuma na san bai kai ko'ina ba.

Yau na fara addu'ar kwana tara ga Monika. Ita ma ɗa guda ya sa ta kuka shekara da shekaru. Na faɗa mata ni ba ni da shekaru, ko mako biyu ban tabbata ina da su ba. Ki taya ni, mu fara tare ko da kin makara da kwana biyu.

Taki,
Auta

*

Ranar Waliyyiya Monika

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki gaishe mini da Uwar gidanku, shugabar sistoci, ki gode mata da Mas ɗin da ta sa aka yi mana.

Kada ki yi mini faɗa a kan abin da zan faɗa miki, an riga an yi. Yau kwanana biyar ban buɗe shago ba. A ƙofar ɗakin Kafinta nake wuni.

Wata mai sayar da burodi a bakin injin katako ce ta tsegunta mini. Ta ce Dogo ya zo sau biyu yana sayen burodin da ba ya ci, yana tambayar yaushe matar take fita. Matar kuwa kullum da hantsi take zuwa asibiti karɓo allura da magani, ba ta dawowa sai rana ta take. A lokacin ne kuma injuna suke aiki, ko ihu aka yi ba mai ji. Da na ji haka ban yi shawara da kowa ba. Washegari na ɗauki kujerar tsuguno, da lema, da littafin Katikis, na tafi.

Wurin ba kyau. Lungu ne tsakanin bangon injin da tarin katako, garin katako ya jiƙe da ruwan sama ya zama taɓo. Ƙofar langa-langa ce, da wani tsohon labule. Daga ciki wari ke fitowa, na magani da na mutum. Na dasa kujerata daidai bakin ƙofar.

Da matar ta ɗaga labule ta gan ni, kwanon hannunta ya faɗi. Ta zube a taɓon nan ta kama ƙafata. Na ce ta cika ni, ba wajenta na zo ba, ba kuma wajen mijinta ba, ta tafi inda za ta. Ban ko kalli fuskarta ba.

Ranar farko shiru na zauna, amma tarinsa ya hana ni zama. Yana yi kamar ana yage tsumma. Sai na buɗe littafin na shiga karantawa da ƙarfi, don kawai in daina jin sa. Na karanta karatun fari, na karanta Zabura, na karanta Bishara, na karanta waliyyin ranar, na koma farko. Ma'aikatan injin suka leƙo suna dariya, ɗaya ya ce an buɗe sabon coci. Da aka faɗa musu ko ni wace ce, ba wanda ya ƙara leƙowa. Washegari na tarar an shimfiɗa mini katako a kan taɓon.

A rana ta uku ina tsakiyar Zabura injin ya tsaya. Sai na ji murya daga bayan labule, ƙasa-ƙasa, wai don Allah in maimaita wurin nan, bai ji da kyau ba. Muryar da mijina ya ji a ƙarshe ke nan. Na miƙe na ɗauki kujerata, har na kai bakin lungu. Sai na tuna in na tafi ƙofar a buɗe take. Na dawo na zauna. Ban maimaita ba, na wuce gaba.

Labari ya kai coci. Matan zumunta sun zo gida da yamma suna hawaye, wai matar shahidi ta yafe, wai ni ma waliyyiya ce. Na ce musu ban yafe wa kowa ba, gadi nake yi. Suka ɗauka tawali'u ne.

Jiya matar ta dawo da wuri, ta tsuguna nesa da ni. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara. Ta ce ta san abin da nake gani a kanta. Ta ce ba son sa take yi ba, tsoronsa ma bai gama fita daga jikinta ba. Amma danginsa duk sun gudu, kwana biyu ya yi ba wanda ya ba shi ruwa. Ta ce, "In na bar shi ya mutu kamar kare, to don wace irin mace Katikis ya mutu?" Na dai kalle ta, karo na farko. Yarinya ce ashe, ba ta kai talatin ba, tabon yana nan daga gira har kunne.

Dogo ya san inda nake wuni. Da safe muna shan shayi kamar baƙi biyu a tasha.

Bisharar yau a kan gwauruwar nan ce da aka fito da gawar ɗanta tilo, Ubangiji ya tare masu makara ya mayar mata da shi. Na karanta a ƙofar nan na kasa kaiwa ƙarshe. Kwana taran sun cika jiya, Yaya, ban ga komai ba. Ƙafafuna sun kumbura, masu kawo ɗinki sun fara kwashe kayansu. Har yaushe zan iya zama? Wata ɗaya? In na kwanta ciwo rana guda fa? Na kai inda nake roƙon Allah ya ɗauki ran Kafinta da wuri, ba don ya huta ba, don mutuwa ta riga ɗana isa gare shi. Ki gaya mini ko irin wannan addu'a tana hawa sama.

Ƙanwarki da ta gaji,
Auta

*

Kwana biyu bayan ranar da aka sare kan Yohanna Mai Baftisma

Yayata,

Ina gaishe ki. Wanda ya miƙa miki wannan wasiƙa ba direba ba ne, ɗanki ne. Kafin ki tambaye shi komai ki karanta.

Ya zo, Yaya. Shekaranjiya, ana yayyafi, matar ta fita, injuna suna ta ƙara. Ina karanta yadda aka kawo kan Yohanna a cikin tire, na ɗaga ido sai ga shi a bakin lungu da kayan aikinsa, hannun dama a cikin riga.

Kwana bakwai ina shirya abin da zan faɗa. Na shirya zan miƙe in tare ƙofa. Da lokacin ya zo ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Abin da na iya kawai na riƙe ƙafar wandonsa ina cewa Dogo, Dogo. Ya sunkuya ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke ni, ni da kujerar gaba ɗaya, ya ajiye a gefe kamar wadda za ta fashe. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Ya ɗaga labule ya shiga.

Na yi ihu, ba wanda ya ji. Na kira Maryamu, na kira Monika, na kira Istifanus, na kira duk sunan da ke cikin littafin nan, har Katikis na kira, na ce tunda an ce kai shahidi ne to ga ɗanka. Da rarrafe na shiga ɗakin.

Ban ƙara ganin mutumin ba tun ranar kotu. Wanda na sani ƙato ne. Wanda ke kan katifar nan ƙashi ne da ido. Dogo yana tsaye a kansa da wuƙa. Shi kuwa bai ko ɗaga hannu ba. Ya buɗe maɓallin rigarsa da ƙyar, ya ce tun da ya ji ana karatu a ƙofa ya san ana jiran wani, kuma shi ma jiran yake. Ya ce Dogo ya yi, don Allah ya yi, ya fi masa sauƙi.

Dogo ya daɗe a tsaye. Sai ya ce tambaya ɗaya zai yi, kuma in aka yi masa ƙarya zai sani. Me babansa ya faɗa a ƙarshe?

Kafinta ya yi tari har na zaci ya cika. Da ya samu numfashi ya ce ranar, garin bin matar, ƙarfen ya yanke shi a tafin hannu bai ma sani ba. Da ya iso ƙofar coci Katikis bai yi masa tsawa ba, bai ambaci Allah ba. Hannun ya kalla, ya ce, "Kai, ɗan'uwa, ka ji ciwo. Kawo in gani." Ya miƙo hannu. A nan Kafinta ya soke shi.

Yaya, ba ƙarya ya yi ba. Ni da Dogo mun san wannan maganar. Ita Katikis yake faɗa wa duk wanda ya ji ciwo, yaro ko babba, har akuyar maƙwabta.

Wani irin sauti ya fito daga bakin Dogo wanda ban taɓa ji ba. Ya ɗaga wuƙar, na rufe ido. Na ji sara, na ji wani, na ji wani. Da na buɗe ido, ginshiƙin ƙofa yake sara, yana sara yana kuka, har ƙotar ta ɓalle ƙarfen ya zame ya tsaga masa tafi. Ya fita ya durƙusa a taɓo ya yi ta amai. Ma'aikatan injin ne suka naɗe masa hannu da rigar ɗaya daga cikinsu, suka kai mu asibiti. Ɗinki goma sha ɗaya aka yi masa. Da malamar asibiti ta tambaya, suka haɗa baki suka ce tsautsayin aiki ne.

Kada ki ɗauka ya yafe. Bai yafe ba, ni ma haka. Jiya ya wuni a kwance, da yamma ya ce mini in nema masa inda zai tafi, domin abin da ya hana shi shekaranjiya bai san ko zai hana shi gobe ba. Shi ya faɗa da bakinsa. Na tuna kin ce tagogin asibitinku suna bukatar ƙarfe. In hannun ya warke zai yi muku, aikinsa yana da kyau. Ki roƙar mini Uwar gidanku ta ba shi ko ɗakin ajiya ne.

Matar Kafinta ta aiko mai burodi ɗazu. Wai likita ya ce saura kwanaki, kuma mijin yana tambaya ko mai karatu za ta dawo. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Yanzu ba ni da wanda zan yi gadi, in na je don shi na je, kuma ban san ko ina da wannan ƙarfin ba. Ki sa ni a addu'a a kan wannan, amma kada ki ba ni shawara tukuna.

Ga abin da nake roƙonki game da Dogo. A wanke ciwon kowace safiya, a cire zaren bayan kwana goma. Kada ki yi masa wa'azi, kada ki tilasta masa shiga Mas, in ya tsaya a bakin ƙofa ki bar shi a nan. Ki hana sistoci ce masa ɗan shahidi. Ki zuba masa abinci da yawa, ya rame ƙwarai. Da hannun hagu zai ci, na san halinki, ki kawar da kai.

Ƙanwarki,
Auta